Katakon Wankan Unguwarmu

Samarin masallaci ne suka kawo mini shi, ɗaya gaba ɗaya baya, suna tafe suna gardamar ƙwallo. Suka jingine shi a bangon zaure, babban cikinsu ya karkaɗe hannu ya ce, "Baba tsoho, liman ya ce a maido maka katakonka, an gode. Wani bawan Allah ya sayo mana na ƙarfe daga Yamai, mai ƙafafu, har da magudanar ruwa." Na ce madalla, Allah ya saka masa. To me zan ce? Na ƙarfen ya fi, ba ya shan ruwa, ba ya ruɓa. Suka fice da gardamarsu, suka bar ni da shi. Wannan katako, tun gemuna yana baƙi, a kansa ake wanke duk wanda ya rasu a unguwarmu, mace da namiji. Tsakiyarsa ta yi fari fat, gefensa ya yi toka-toka, wani wuri har ya fara tsagewa. Yaran da suka ɗauko shi ba su san saman tebur ba ne. Ba su san an yi wata rana da mutum yake ganin haƙoransa a cikinsa ba, in na faɗa musu ma cewa za su yi tsufa ne ya fara taɓa ni.

Na gaji, wannan ita ce gaskiyar magana. Gwiwa ta gaji, ido ya gaji, bakin ma ya gaji da bayanin abin da ba mai tambaya. Amma tun ranar da aka jingine katakon nan, in na zauna sai in tsinci kaina a wancan zamanin, ina so ko ba na so.

Ni ba ɗan kafinta ba ne. Ubana manomi ne a wani ƙauye bayan Takanamat, inda dutse ya fi ƙasa yawa. A lokacin duk saurayin ƙasarmu ta Adar da gashin baki ya tsiro masa, da an ɗaure gero sai ya rataya jaka ya nufi Kurmi, can ƙasashen kudu, neman abin kansa. Yayyena biyu sun tafi, labarinsu ya ɗauke, sai tsohona ya rantse ni ba zan bi su ba. Ya kamo hannuna, ga ni ƙato har na isa aure, ya kawo ni Tawa wurin wani dattijo da ya yi shekaru a Kurmi ya dawo da sana'a a hannu. Shi ne maigidana, Baba nake ce masa. Ba ya ƙera sabon abu sai in ta kama. Aikinsa tsofaffin kaya: teburan da Turawa suka bari da suka tashi, armuwar, wato kabad ɗin tufafi, ta ma'aikatan gwamnati, akwatunan katako da ƴan Kurmi suke kawo wa iyayensu mata. Duk abin da ya yi baƙi ya mutu, shi ake kawo wa ya tashe shi da gomlak.

Yanzu in ka ce gomlak a kasuwar Tawa sai a tambaye ka ko magani ne. A ƙunshin takarda yake zuwa, siririn abu mai ɓarewa kamar busasshen ɓawon albasa, launinsa na zuma. A zuba a kwalba, a tsiyaya masa alkol, ruwan nan mai warin giya da saurin bushewa, a ajiye a inuwa, duk wanda ya gifta ya girgiza, har ya narke. Baba ya ce wani ƙwaro ne yake yin sa a jikin itace can ƙasar Indiya. Na ce to, amma a raina ban yarda ba sai da na tsufa. Ba a shafa shi da buroshi. Auduga ake dunƙulewa a naɗe cikin tsohon ƙyalle da ya sha wanki, na rawani ya fi, shi ake kira tampo. A jiƙa audugar, a ɗiga mai ɗigo ɗaya a ƙasan, sannan a hau katako ana zagayawa, ana zagayawa. Dokar guda ce, kuma a kanta na sha ranƙwashi duk girmana: hannu ba ya tsayawa. Da tafiyarka za ka sauka a kan katako, da tafiyarka za ka tashi. Ka tsaya ko na ƙiftawar ido, tampo ya kama, ya cinye abin da ka yi kwana da kwanaki kana zubawa, ya bar maka tabo.

Da sanyin safiya muke aiki, don in rana ta ɗaga alkol ba ya jiran kowa. Kafin nan na share shago na yayyafa ruwa. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar ɓallin kwalba da muke kankare tsohon fenti da shi, ƙurr, ƙurr, da lugude daga gidan bayanmu, da jakunan ƴan ga-ruwa suna wucewa gwangwanaye na karo da juna. In mai ya ƙare a ƙasan tampo sai ya yi wani ɗan kuka, tsiii, Baba ko yana bakin ƙofa zai ce, "Yana kiranka, ba ka ji ba?" Akwai wani tela maƙwabcinmu, baki gare shi kamar reza. Kullum ya leƙo sai ya toshe hanci ya ce, "Salamu alaikum, masu gidan giya." Baba ya ce, "Mu a katako muke zuba tamu. Kai da ke ɗinka wando ƙafa guda ta fi guda, a ina kake zuba taka?" Yau shagon nan wayoyi ake sayarwa a ciki. Kafintocin yanzu kuwa, Allah ya ba su sa'a, inji gare su mai fesawa. A fesa da hantsi, a ɗauka da azahar, yana ƙyalli kamar an zuba masa man gyaɗa, damina biyu ya ɓare. Kayan ɗakin ma ba katako ba ne, garin katako ne da aka manne aka rufe da leda. Ba na zaginsu. Mai saye yana sauri, mai yi yana sauri, wa zai zauna jiran tsoho yana zagaya ƙyalle?

Baba ba mai yawan magana ba ne a kan aiki. Kalma biyu gare shi. In ka gama, sai da safe za a duba. A ciccibo abin a kai bakin ƙofa lokacin da rana ta fito ba ta ɗaga ba, ya durƙusa, ya kwantar da kuncinsa dab da gefen katakon, ya bi shi da ido ta inda haske ya kwanto. A nan duk wani zane, duk wani rami, duk inda hannunka ya yi kasala, sai ya fito fili. Yakan ce, "Tafin hannu abokinka ne, rufa maka asiri yake. Hasken safe shi ne ba ya da aboki." In ya miƙe, ko ya ce "saura," ko ya ce "ya yi." Nasa aikin na sha ji ya ce wa kansa "ya yi." Nawa kuwa, shekara da shekaru, saura. Na yi kujera, saura. Na yi akwati har mai shi yana shi mini albarka, saura. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Baba, saura me?" Ya dube ni ya ce, "Ranar da ka daina tambaya ta, ka gani da kanka." Kai, na ji haushin mutumin nan ranar, har na ƙi cin tuwo.

Kuma abin ba na yabo ba ne kaɗai. A al'adar masu sana'a, yaro ba ya buɗe nasa wurin sai maigidansa ya yaye shi. A tara abokan sana'a, a raba goro, a yi fatiha, maigida ya faɗa a gaban kowa cewa hannun wane ya nuna. Ba a yi maka haka ba, ko ka yi furfura yaron wani ne kai. Sa'o'ina da suka tafi Kurmi suna dawowa da rediyo da keke suna aure, ni ina nan ina girgiza kwalba. Duk da haka, wallahi, ba shagon ne ya fi cin raina ba. So nake in ji kalmar nan daga bakinsa, a kan aikin hannuna, ko sau ɗaya.

Sai ciwo ya kama shi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, likita ya yi nasa bai ci ba. Ƙanensa ya zo daga ƙauyensu, can gaba da Barmu, ya ce gida za a kai shi. Ranar tafiya ya sa na janye buhunan da ke ƙuryar shago. Na san akwai tebur a ƙarƙashi, amma ban taɓa ganinsa a fili ba. Na gidan wani likita Bature ne da ya tashi tun da daɗewa. Jan katakon Kurmi, samansa falle ɗaya ba haɗi, tsawonsa ya fi dogon mutum. Ya yi baƙi ƙirin, ga zoben kofuna, ga tawada, ga ƙunar kyandir. Baba ya dafa shi ya ce, "Wanga na aje shi tun ba ka zo ba. Ka yi shi kai ɗai, ba mai gaya maka komi. In ka ƙare ka kwance saman ka kawo mani gida in gani. In ya yi, in yaye ka."

Rani guda na yi a kansa. Na kankare shi da ɓallin kwalba har jan ya fito, na bi shi da takardar yashi, mai kaushi sannan mai laushi, na toshe ƙofofin itacen da garin dutse. Sannan na fara zubawa. Yau a zuba, gobe a bar shi ya huta, jibi a goge a sake. Sau biyu ina kai shi bakin ƙofa da safe, in durƙusa yadda yake yi, in ce wa kaina saura, in koma. Ashe gaskiyarsa, na daina tambaya na fara gani. Tela ya daina tsokana, yakan zo ya tsaya kallo da allura a baki. Ranar da na ɗaga tampo na ƙarshe, hasken ba a saman katakon yake ba, can ciki yake, kamar ka leƙa rijiya da rana tsaka. Na durƙusa na duba, na sake dubawa, ban ga komai ba. Amma ni ba ni ne mai faɗa ba.

Na naɗe shi da bargo, na naɗe da tabarma, na ɗaure. Na hau babbar motar ƴan kasuwa zuwa Barmu, ina rungume da shi a kan buhunan gero, duk wanda ya matso in ce, "Don Allah a yi hankali." Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, amarya ce ka ɗauko?" Daga Barmu wani Buzu mai raƙumi ya yarda ya kai ni. Da muka tsaya salla ya matsa sai ya ga abin da nake wa wannan tattali. Na buɗe masa kusurwa ɗaya. Ya leƙa, ya ga idanunsa, ya gyara amawalinsa a ciki, ya ce da ƴar Hausarsa, "Wanga ba icce ba ne, ruwa ne." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Muka bi fako, dutse da aduwa da ƴan sabara, ko'ina ba itacen da zai ba ka katako mai faɗin tafi biyu. Ƙofofin ƙauyen ma duk na kara ne, sai na mai gari da aka yi da buɗaɗɗen gwangwani.

Rana ta faɗi muka isa. Baba yana kwance a ɗakin ƙanensa, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya ce, "Ka zo da shi?" Ko gajiya bai tambaye ni ba. Aka shigo da katakon aka kwance, aka ajiye kusa da shimfiɗarsa. Ƙanen ya ce a kunna fitila, Baba ya ce a bari, fitila maƙaryaciya ce. Ya miƙo hannu ya ɗora. Ya tafi da tafinsa tun daga kai har inda hannun ya iya kaiwa, ya dawo, ya bi gefe da ɗan yatsa, ya shinshina yatsan. Ya daɗe yana yi. Ni kuwa ina durƙushe ina kallon fuskarsa. Na ga kamar bakinsa ya motsa, na matso. Sai ya ce, "Sai da safe. A kai shi bakin ƙofa, a tada ni in gani." Na ce, "Baba, ko a hannu ba ka ji komai ba?" Ya ce, "Kai dai ba ka da haƙuri. Tahi ka ci tuwo."

Da muka dawo daga sallar asuba muka ji kukan mata. Allah ya karɓi abinsa.

Ina zaune a bakin ɗakin, kaina ya ɗaure, ban san ma me ake ciki ba, sai na ga ƙanensa da wasu dattawa sun fito da katakon. Na zaci gefe za su ajiye shi don a sami wuri. Sai na ga sun nufi bayan ɗaki, inda aka haƙa ramin da ruwan wanka zai gangara, aka girka duwatsu. Na tashi da gudu na sha gabansu na ce, "Ina za ku da shi?" Ƙanen ya ce, "Wanka za mu yi mishi a kai. Nan garin a kan kara da tsohuwar tabarma muke wanke mutanenmu. Mutumin da ya ƙare ransa cikin katako, ga katako Allah ya kawo har ƙofa, mu kwantar da shi a ƙasa?" Na ce ruwa zai ɓata shi. Wani dattijo ya shafa ya ce, "Haba yaro, wanga da ke sulɓi kamar tangaran? Ruwa ba ya kama shi, zubewa zai yi." Haka suka ɗauka, tsakaninsu da Allah, duk abin da ke ƙyalli ba ya jin ruwa. Ba su san gomlak ba abin da ya tsana kamar ruwan zafi da sabulu. Da na ga ba su fahimta, sai na kamo abin da na san zai tsayar da su, na ce da alkol aka yi shi, ɗan'uwan giya ne, bai kamata a ɗora gawa a kai ba. Aka yi cirko-cirko, aka dubi limamin garin. Ya matso ya shinshina, ya ce, "Ya bushe?" Na ce ya bushe. Ya ce, "To abin da ya tashi ya tashi." Sannan ya dube ni da kyau ya ce, "Ɗana, wa ka kawo wa shi?" Na ce shi. Ya ce, "To ga shi nan zai karɓa."

Na kauce na ba su hanya. Rana tana fitowa a lokacin. Da suka juya da shi za su shiga bayan ɗakin, hasken ya kwanta a kansa daidai yadda Baba yake so, tun daga wannan kai har wancan. Ni kaɗai na gani a cikin masu ido, kuma ganina ba ya yanke hukunci. Aka ce in zo in riƙa zuba ruwa tunda ni ne ɗansa na sana'a. Na zuba. Ruwan ɗumi da ganyen magarya da sabulu, ina zubawa ina kallon hazo yana shiga katakon, yana yin fari a ƙarƙashin bayansa. Hawaye nake yi, mutane suna cewa Allah sarki, yaron nan yana son maigidansa. Ina sonsa, ba ƙarya suka yi ba. Amma ni kaina a ranar ban iya raba kukan mutumin da kukan kalmar da ya tafi da ita ba.

Bayan addu'ar bakwai aka ce in ɗauki katakona. Na dawo da shi Tawa. Dattawan sana'a suka taru suka yi mini fatiha, suka ce ai tunda marigayi ya ba ka teburin nan ya yarda da kai ke nan. Na karɓi goro na yi godiya, amma na san ba su gani ba, zato suke. Na gaji shagon, na yi aure, na haifi ƴaƴa, na yi suna daidai gwargwado. An sha ce mini aikina ya yi kyau, masu kaya da masu wucewa, sai dai duk wanda ya faɗa na san bai san inda ake dubawa ba. Teburin kuwa bai sake haɗuwa ba. Labari ya riga ni isowa, wa zai ci abinci a kan abin da aka wanke gawa? Ƙafafun suka tafi wani aikin. Gyaran farin ba wuya gare ni a lokacin, amma in na gyara wa zan kai wa? Ana nan aka yi rasuwa a maƙwabta, aka zo a kunyace aka ce ko zan ba da aro. Na bayar. Daga nan ya koma masallaci da zama. Tela ma a kansa aka wanke shi, da ƴata ta fari, da kusan duk wanda ya san ni da ƙuruciya.

Da aka maido shi, sai wani tunani ya shige ni irin na tsofaffi, na ce bari in tashe shi, ko don in sake ganin abin nan da idona kafin idon ya rufe. Na sa wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya yi ta cigiya har ya samo mini gomlak a wurin wani tsoho irina. Na kankare katakon a zaune, yau kaɗan gobe kaɗan. Ruwan shekaru ya ci shi, amma da na yi ƙasa sai ga jan yana nan. Na yage tsohon rawanina na naɗa tampo. Warin alkol ya bugi hancina, sai na ji kamar in juya in ga Baba da tela a bayana. Na sauka a kan katako lafiya, na yi zagaye ɗaya, na yi biyu. A na ukun hannun ya yi rawarsa da ya saba yi in na ɗauki kofin shayi, ya tsaya. Tampo ya kama. Na ɗaga, ga tabo. Na bari ya kwana, na goge, na sake. Ya sake kamawa, a wani wurin. Kaina ya san aikin sarai, ya san abin da ya kamata a yi kafin lokacin ya zo, amma ya aika hannu, hannu ya ƙi zuwa. Haka na yi ta yi har katakon ya cika da tabo da zane, irin aikin da ko a watan farko na zuwana Tawa ba zan yarda Baba ya gani ba.

Jiya da safe ina zaune a gabansa, tampo ya bushe a hannuna, mai ɗakina ta shigo zauren da kwanon koko. Ita ma ta tsufa, da bango take tafiya. Ta san labarin nan duka, ta ji shi har ta gaji, takan ce da ni da marigayi ba ta san wanda ta aura ba. Ta ajiye kokon ta ce, "Malam, warin nan ya hana ni numfashi, yaushe za ka gama?" Na ce ba zan gama ba. Sai ta goge hannunta da gefen zani, ta sunkuya da ƙyar, ta ɗora tafinta a kan katakon, ta shafa har inda ta iya. Ta ɗago ta ce, "Ya yi."

Na ce, "Ke me kika sani a ciki?"

Ta ce, "Ban san komi ba. Amma wanda ya sani ya tahi bai faɗa ba, kai kuma ka ƙi faɗa ma kanka. Shekara nawa ina kallonka kana jira? To ni na faɗa. Ya yi, Malam. Sha kokonka."

Bai yi ba. Ni na sani, ita ma ina jin ta sani, don tabon har a tafin hannu ana jin sa. Wancan aikin na farko, ko ya yi ko bai yi ba, ruwa ya tafi da shi tun ina saurayi, hannun da ya yi shi ma ya riga ni mutuwa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na sunkuyar da kai don kar ta ga idona. Amma ban musa mata ba, ba ni da sauran ƙarfin jira. Na sha kokon tana tsaye a kaina. Da na gama na miƙa mata kwanon, na ɗauko kwalbar alkol na toshe, na haɗa mata da ita na ce ta kai madafa, ta riƙa hura gawayi da shi.